Fankar da Ba Wanda Ya Ƙara Kunnawa

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin aikinmu na Batsari na tarar an cire fanka daga bayan akwatin feshi ba, kuma ba na jin zan manta har a kai ni makwancina. Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, wai tsoho ya cika faɗa, mutum bai isa ya ɗauki bindigar fenti bai kunna fanka ba sai na tara masa jama'a. Gaskiya ne, ina yi, kuma ba zan daina ba. Ku ajiye abin da ke hannunku ku ji inda faɗan ya samo asali.

Lokacin ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba. Arzikin mai ya fara shigowa, gwamnati ta tashi haiƙan wai sai ta wayar da kan manoma da makiyaya. Ni kafinta ne a wani ƙaramin ofishin malaman gona da ke zagaya ƙasar Batsari da ta Safana. Ba ƙofa nake yi ba, ba benci ba. 'Yan ƙananan samfura muke haɗawa: rumbu mai ƙafafun da ɓera ba ya iya hawa, rijiya mai bakin siminti, kwamin wankan shanu na kashe kaska, duk a kan allon da mutum biyu za su ɗauka su sa a bayan Landiroba. Dalili kuwa, in ka miƙa wa manomin Karare zane a takarda, zai juya ta sama da ƙasa ya ce madalla, alhali bai ga komai ba. Amma ka ajiye masa rumbu mai girman ƙwarya, ya buɗe murfin ya leƙa ciki, nan take zai fara yi maka gardama. Gardamar kuwa ita muke nema.

Ni nake sassaƙa, Baba Garba yake fenti. Mutumin Yasore ne, dattijo, ya yi ƙuruciyarsa yana fesa bodin manyan motoci kafin ya dawo gida. Ofis ya samo masa wata 'yar bindigar feshi da ba ta wuce alƙalami ba. Ba mu da injin iska, sai muka riƙa buga wa tayar babbar mota iska da famfon ƙafa, mu jona siririn tiyo daga bakin tayar zuwa bindigar. Da wannan abin Baba yake fitar da farar saniya da baƙin kunnenta da baƙin hancinta, har da inuwar da ke ƙarƙashin tozo. Akwai ranar da wani arɗo daga Tsaskiya ya tsuguna gaban samfurinmu, ya daɗe yana kallo, ya nuna wata 'yar saniyar katako ya ce, "Wannan ta kusa haihuwa, kada ku sa ta cikin kwamin nan." Baba ya yi sati yana ba da labarin.

Kuma shi ne ladaninmu. Akwai ɗan masallaci a gefen ofis, babu lasifika a lokacin, ba a ma bukata. In Baba Garba ya sa yatsu a kunne ya kira azahar, masu tallar nono da ke bakin kasuwa suna jin sa. Abin da ya fi ƙauna ke nan a duniya, ya fi son sa a kan fentin ma. Ya sha gaya mini cewa roƙonsa ɗaya wurin Allah, kada ya ɗauki ransa sai yana da muryar kiran salla.

Sai abu na uku, wanda in ba ku riƙe shi ba labarin ba zai shige ku ba. Shugaban ofishin, Malam Lawal, saurayi mai ilimi da hankali, shi yake auren Hajara ɗiyar Baba Garba. An yi auren tun kafin a turo shi wurinmu. To kun dai san surukuta a ƙasarmu. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mai ofis". Shi kuma Malam Lawal in ya hango Baba a tsakar ofis, sai ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, ya yi doguwar gaisuwa kansa a ƙasa, ya zame ta bayan gareji. Bai taɓa taka ɗakin aikinmu ba, don Baba yakan tuɓe riga ya zauna da shimi in yana aiki, kuma bai kamata ya gan shi a haka ba. Duk umarnin da zai ba mu, ta bakina yake bi. Muna ganin abin da kyau, har muna yabawa.

Matsalarmu fenti ne. Fentin mota muke amfani da shi, ana tsinka shi da tina, wani ruwa mai kaifin wari da ke sa hawaye. Ba a fesa ƙaramin samfuri a waje, don iska kaɗan za ta watsa masa ƙaiƙayi, ƙuda ya sauka ya manne, aikin sati ya lalace. Dole a rufe ƙofa da taga. Ɗaki kuwa ƙanƙane ne, rufin kwano. Baba yakan ɗaure baki da tsohon rawani, amma in ya fito sai ka ga gashin hancinsa ya koma launin abin da ya fesa. Ya fara tari. Wata rana ya kira la'asar, na ji muryar ta tsage a tsakiya, ya tsaya ya gyara ta sannan ya ƙarasa. Hankalina ya tashi.

Shi ya sa na zauna na haɗa akwatin feshi. Na samo babban akwakun katakon da aka kawo injin majigi a ciki, na cire gabansa, na kwantar da shi a kan tebur jikin bango. Na fafe rami a bayansa. Wani maƙerin farfaru ya yanka mini garewanin kananzir ya liƙe su suka zama bututu, na huda bango na zura shi waje. A bakin ramin na jera tsohon gidan sauro ninki-ninki da buhun algarara, don su kama ƙurar fentin. Na sa gilashi a sama haske ya shigo, na yi ɗan faifan katako mai juyawa da za a ɗora samfuri, ba sai an taɓa shi da hannu ba. Abu ɗaya ya rage, wanda zai ja iskar.

A sito akwai wata fankar tebur da ta mutu tun zamanin Turawa. A dokar aiki, kayan gwamnati in ya lalace ba a jefar da shi, ana ajiye shi har ranar da kwamiti zai zo ya tabbatar ya mutu, kwamitin kuwa ba ya zuwa. Na roƙi Isiya mai sito, ya ce in ɗauka, ai gawa ce. Na kai wa mai gyaran injin majigi, muka kwance ta muka canja abin canjawa, ta tashi. Na ɗaure ta a bakin bututu, fuskarta waje. Da rana dama ana kunna injin wutar majigi saboda ofis, sai muka ja waya.

Ranar da muka gwada, Baba ya fesa ja a kan wani ɗan sa, muka ga hazon fentin ya miƙe ya shige rami kamar hayaƙin da aka buɗe wa taga. Ya kwance rawanin daga bakinsa, ya shaƙi iska, ya dube ni ya ce, "Mamman, Allah shi yi maka albarka." A 'yan makwannin nan tarin ya lafa, murya ta dawo garau.

Sai bazara ta kama, zafi kamar a gasa mutum. Sai kuma aka aiko cewa za a yi nunin amfanin gona a Safana, manya za su zo, ana son babban samfurin makiyaya: madatsar ruwa, kwamin wanka, burtali, da garken shanu fal. Fentin da ke cikin wannan aikin ya fi duk wanda muka taɓa yi. A daidai wannan lokacin ne na shigo da safe na tarar da rami ƙwal, babu fanka, an ma tsinke wayar da wuƙa.

Na nufi sito. Isiya na zaune yana cin goro.

"Ina fankata?"

"Fankarka? Ubanka ya saya?" Ya nuna mini da leɓe wajen ofishin shugaba. "Matacciya na ba ka. Tunda ta tashi, ta koma kayan gwamnati mai rai. Fanka kuwa ta siniya sabis ce, ba a ajiye ta a ɗakin leburori. Yallaɓai na can yana jiƙewa da gumi, ku kuna nan kuna hura wa 'yan tsana iska."

Siniya sabis, don yaran da ba su sani ba, su ne manyan ma'aikata. Su ke da kujera mai hannu, su ke da labule, su ke da fanka. Na ce masa ba 'yan tsana take hura wa ba, ƙirjin dattijo take karewa. Ya tofar da goro ya ce doka ba ta san ƙirji ba. Wallahi ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba, sai da direba ya ɓamɓare ni. Neman gindin zama ne kawai ya sa shi, ba wata doka ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa sai na ji ɗaci a bakina.

Na wuce ofishin Malam Lawal ko sallamar kirki ban yi ba. Ga fankarmu a kan teburinsa tana juyi, har da ɗigon jan fenti a fikafikinta. Na gaya masa komai. Ku yi masa adalci, bai sani ba. Isiya ce masa ya yi an gyaro ta daga sito. Fuskarsa ta canja, ya miƙa hannu ya kashe ta.

"Inna lillahi. Ta wurin Baba ce? Ɗauke ta, Mamman, maza mayar masa."

Na ɗora ta a ka na ratsa tsakar ofis, kowa na kallo, ina jin daɗi na yi nasara. Sai na tarar da Baba tsaye a bakin ƙofar ɗakin aiki, ya mayar da rigarsa, ya tare hanya.

"Ina za ka da ita?"

"Wurinta, Baba. Shi ya ce a dawo da ita."

"Wa ya aike ka wurinsa?"

"Ba kowa."

"To ka tozarta ni." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ofis duka sun gani. Kafin magariba magana ta kai Yasore, a ce Garba ya aika an tsige fanka daga kan mijin ɗiyarsa, ya bar shi cikin zafi. Da wane ido yarinyar nan za ta dubi dangin mijinta? Mi za ta ce masu?"

Na ce, "Baba, ƙirjinka fa. Muryarka fa."

Ya ce, "Wallahi in fankar nan ta ƙetare ƙofar nan, ni zan fita, kuma ba ni ƙara dawowa."

Ya rantse. Kun san dattijon da ke kiran salla in ya ce wallahi. Na tsaya da fanka a ka kamar mai talla, rana na dukana, na juya na mayar da ita inda na ɗauko.

Na ce wa Malam Lawal, "Yallaɓai, taku kaɗan ne tsakaninku. Tashi ka je ka same shi. Ka ce kai ne shugaba, umarni ne, fanka ta aiki ce ba kyauta ba."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. "Ni? In tsaya a gaban Baba in ba shi umarni? In sa shi kaffara? Haba, Mamman."

"To ka dakatar da fentin."

"In na dakatar, cewa za a yi na raina ƙarfinsa, na zaunar da surukina. Wannan ya fi wancan muni."

Ya ce zai nemi sabuwar fanka daga Katsina, wadda ba ta taɓa zama a ofishinsa ba, Baba ba zai ƙi ta ba. Ya nema kuwa. Amma neman kaya a lokacin sai ya bi tebur-tebur, ranar nuni kuwa ba ta jira. Na ce ya ba ni mota da kuɗi in je in sayo ko ta hannu ce, ya ce in Baba ya ji daga aljihun mai ofis ta fito, ita ma ba zai karɓa ba. Kuma gaskiyarsa, ba zai karɓa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, daga ranar Malam Lawal bai ƙara kunna fankar ba. Kunya ta hana shi shan iskar da aka ƙwace wa surukinsa. Sai ga shi a ofis yana sharɓar gumi, fanka a gabansa a kashe. Ga Baba a ɗaki a rufe cikin hazon fenti, rami a gabansa babu fanka. Mutum biyu masu hankali, masu salla, kowa yana girmama ɗan'uwansa, abin na tsakaninsu yana tara ƙura. Duk wanda na kai wa ƙara sai ya gyaɗa kai ya ce ai Baba ya yi dattako, shi ma Yallaɓai ya nuna tarbiyya. Na ce tarbiyyar me, mutum na mutuwa a tsaye?

Ban zauna ba. Na ce wa Baba ya bar ni in yi feshin, ya ce hannuna na guduma ne, ba zai kai shanun da ba su yi kama da shanu gaban Fulani su yi masa dariya ba. Na je wurin wani maƙeri a Karare, muka haɗa abin hura iska da wilin keke, irin wanda ake juyawa da hannu. Yana ja, amma kaɗan, kuma sai da mai juyawa, ni kuwa ga sassaƙar shanu a gabana. Nakan juya har kafaɗata ta mutu, in koma sassaƙa, in dawo. Ina jin tarinsa ta cikin ƙofa, tari mai zurfi kamar ana buga tsohuwar garwa. In na buɗe ƙofar don iska ta shiga, ya daka mini tsawa in rufe, ƙuda. A kwanakin ƙarshe kiran sallarsa ya gajarta, ya daina jan muryar nan da muka sani.

Aka yi nuni a Safana. Samfurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Makiyaya suka yi dafifi, suna nuna shanun da sanda suna kiran launinsu da Fillanci. Manyan da suka zo suka yi ta jinjina wa Malam Lawal. Baba yana can baya jingine da Landiroba, yana numfashi da baki.

Washegari muna ofis, la'asar ta yi. Muka yi alwala. Baba ya hau ɗan dakalin da yake hawa, ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne, ya buɗe baki. Ba abin da ya fito sai iska. Ya gyara tsayuwa, ya yi kaki, ya sake. Wata 'yar ƙara ta fito kamar ta ƙyauren da ya yi tsatsa. Ya sake na uku, sai tari ya turnuƙe shi, ya durƙushe a kan dakalin. Duk muna tsaye, har da Malam Lawal da butarsa a hannu, kuma ko a lokacin sai da ya yi jim kafin ya matsa ya taɓa shi. Direba ne ya kira sallar ranar.

Muka kai Baba babban asibiti a Katsina. Likita ya ce maƙogwaro da huhu sun ƙone, zai rayu, amma murya sai abin da Allah ya yi. Hajara ta zo, ta same ni a baranda ta ce, "Kawu Mamman, don Allah gaya mini gaskiya, mi ya faru?" Na gaya mata, ban rage komai ba, har da maganar da ubanta ya yi a bakin ƙofa. Hawaye na zuba, ta ce, "Saboda ni? To wa ya tambaye ni? Da na ji, da ƙafata zan taka in ɗauko ta in kai masa, in ga wanda zai hana ni." Ba wanda ya gaya mata. Mijin yana jin nauyin ya yi mata maganar ubanta, uban yana jin nauyin ya yi mata maganar mijinta.

Sabuwar fanka ta iso bayan an sallamo Baba ya koma Yasore. Isiya da kansa ya kawo mini ita yana washe baki. Na karɓe ta na juya masa baya, don in na buɗe baki ranar, sai an kore ni daga aiki. Na fasa bango na gina ta a ciki da siminti, yadda duk mai son cire ta sai ya rushe ɗakin. Tsohuwar kuwa tana nan kan teburin Malam Lawal har aka canja masa wurin aiki, ba wanda ya ƙara kunna ta.

Ni ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka haife mu. Amma abin da aikin nan ya koya mini shi ne, fenti bai san suruki ba, bai san siniya sabis ba, duk ƙirjin da ya samu shiga yake yi. Shi ya sa abin da zai kare lafiyar ma'aikaci ba na barin sa ya zama alfarma da wani zai ba wani, ko wani ya ji nauyin karɓa. A gina shi cikin bango, a kunna shi dole, kowa ya huta. Kuma in kun ga manya biyu sun kasa yi wa juna magana, ku nemi wanda za su ji nauyinsa su duka, ku gaya masa tun da sauran lokaci.

Baba Garba ya yi shekaru bayan nan, yana magana da raɗa. Nakan hau keke in je gaishe shi Yasore. Ranar da na yi masa ganin ƙarshe muna zaune a ƙofar gidansa azahar ta yi, wani ladani ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Na waiga na ga Baba ya miƙe zaune, yatsunsa sun kai kunne, leɓunansa na bin kiran kalma bayan kalma, ba sauti. Da aka gama ya sauke hannu, ya matso kunnena ya ce, "Ya yi sauri. Ba haka ake jan ta ba."

Kai, mai jar hula, tashi ka kunna fankar nan kafin ka taɓa bindigar.